Uzurin takunkumi ya ƙare, wa talakan Nijar zai kai wa kuka?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina bibiyar rahotannin da jaridarku take kawowa kan Jamhuriyar Nijar tun ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaba Mohamed Bazoum, har Janar Abdourahamane Tiani ya fito bayan kwana biyu a matsayin shugaban majalisar soja ta CNSP. Na yaba da ƙoƙarinku, amma ina da ƙorafi. Galibin abin da kuke bugawa labarin manya ne: an kori sojojin Faransa, an sallami na Amurka daga sansaninsu na Agadez, an fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO (ECOWAS), an ƙulla ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso. Duka waɗannan sun faru, sai dai magidancin da ke awon gero da tiya yana da tambayar da ba ku cika yi wa masu mulki ba, wato wane ne ke da alhakin halin da yake ciki a yau, kuma ina zai kai kukansa.

Ba zan yi wa CEDEAO kara ba. Takunkumin da shugabanninta suka ƙaƙaba a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023 zalunci ne a kan talaka. An rufe iyakoki, an hana gwamnati taɓa kuɗinta da ke babban bankin yankin, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarki alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga can take zuwa, kuma ba a keɓe abinci da magani ba. Iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma duk wanda ya san zirga-zirgar Maraɗi da Katsina, ko ta Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa dangi ɗaya aka raba. Ga shi an haɗa da barazanar yaƙi da wa'adin mako guda. Abin da hakan ya haifar shi ne mutane da dama waɗanda ba su taɓa sha'awar mulkin soja ba suka rungumi sojojin, domin ba wanda zai so a kawo wa ƙasarsa hari. A watan Oktoban shekarar gwamnati ta zabtare kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗinta, jama'a kuma suka yi haƙuri saboda sun san daga ina matsin ya fito.

To amma an ɗage takunkumin tun ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris, wuta ta dawo. Abin da ya rage a rufe shi ne gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville ta ƙasar Benin, kuma daga ɓangaren Nijar aka bar ta a rufe. Hukumomin Yamai sun ce Benin ta bai wa Faransa wuraren da ake kitsa wa Nijar makirci, Benin kuma ta musanta. Ko wane ne mai gaskiya, ya kamata masu karatu su fahimci yadda wannan gada ta shafi tukunyar kowane gida. Nijar ba ta da teku, kuma tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin ita ce babbar ƙofar da shinkafa da man girki da magunguna da kayan gini suke shigowa. Da aka rufe gadar sai aka karkata kaya zuwa Lome ta ƙasar Togo, daga nan su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, hanyar da ta fi tsawo, ta kuma bi ta tsakiyar yankin da 'yan ta'adda suka fi ƙarfi. Manyan motoci ba sa tafiya sai an tara su ayari guda sojoji sun raka su, direba yakan yi makonni yana jiran ranar tashi, kuma kowace kwana da mota ta yi a tsaye ɗan kasuwa yana lissafa ta ya ɗora a kan buhu. Wanda ke biyan wannan lissafi a ƙarshe shi ne mai saye da tiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bututun ɗanyen mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem ta cikin ƙasar Benin ɗin yake bi har gaɓar teku a Seme. An yi takun-saƙa a kansa a 2024, amma aka samu hanyar da man ya ci gaba da fita. Ke nan an iya sasantawa domin mai ya wuce, ba a iya ba domin shinkafa ta shigo. A halin yanzu mutane da kayansu a kwalekwale suke tsallaka kogin Kwara a gefen gadar, da tsada da haɗari, kowa kuma yana gani.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatin ta yi wasu abubuwa na sauƙaƙawa. A 2024 ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, ta kuma rage rabin kuɗin ganin likita da wasu ayyuka a asibitocin gwamnati. Sai dai a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai, domin matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take tacewa a rana, kuma man sumoga da ke cike giɓin daga Nijeriya ya ja baya tun da aka cire tallafi a can. Sauƙin farashi ba ya amfanar ɗan kabu-kabun da ya wuni a layi bai samu mai ba. Ga kuma ambaliyar daminar 2024 da ta kashe sama da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan guda, har aka ɗage komawa makaranta.

Batun tsaro ya fi kowanne nauyi, domin taɓarɓarewarsa ce dalilin farko da sojoji suka bayar a daren da suka karɓi mulki. Ba a zamaninsu aka fara zubar da jini ba, ba mu manta da sojoji 71 da aka kashe a Inates a Disambar 2019 ba, da 89 na Chinagodar wata guda bayan haka. Amma wanda ya ce ya zo gyara, da gyaran za a auna shi. Ranar 21 ga Maris na 2025, cikin watan azumi, 'yan bindiga suka kewaye masallacin Fambita a yankin Kokorou na jihar Tillaberi ana sallar Juma'a, suka kashe mutum 44. An yi zaman makoki na kwana uku, sannan labarin ya wuce. Manomin da ya bar gonarsa a Tillaberi ko a arewacin Tawa ya koma gari yana zaman jira, shi ma yana cikin dalilan tsadar hatsi.

Da mutum yana da inda zai kai ƙara, da duk wannan ya zo da sauƙi. An rusa majalisar dokoki tun ranar farko. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da naɗaɗɗu, da yawansu masu kaki. A Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. An dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, BBC ma an dakatar da ita na wata uku a Disambar 2024, alhali sashen Hausa na irin waɗannan kafafe shi ne jaridar mutumin karkara. An dawo da hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya rubuta a intanet, kuma an kama Moussa Tchangari, ɗan ƙungiyar farar hula da ya daɗe yana sukar gwamnatocin baya ma, a farkon Disambar 2024. A ɗaya gefen, ana cirar kuɗi daga jama'a har a katin waya domin asusun ceton ƙasa na FSSP, yayin da wata doka ta Fabrairun 2024 ta fitar da sayen kayan soja daga ƙa'idojin bayar da kwangila da aka saba. Duk wanda ya yi tambaya sai a ce masa zancen ƙasa ne. Na yarda zancen ƙasa ne, shi ya sa ma ɗan ƙasa yake da hakkin ya ji inda kuɗinsa ya shiga.

Nijar ta saba da juyin mulki, ta ga na 1974 da 1996 da 1999 da 2010. Daouda Malam Wanke da ya karɓi mulki a 1999 ya miƙa shi cikin wata tara, Salou Djibo na 2010 kuma cikin shekara guda da 'yan watanni. Janar Tiani ya ce a Agustan 2023 riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba, amma ranar 26 ga Maris na 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, waɗanda za a iya ƙarawa gwargwadon halin tsaro. Bazoum da matarsa kuma suna tsare, an cire masa rigar kariya tun Yunin 2024, ba a gurfanar da shi ba, ba a sake shi ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon ku ware fili kowane mako ku riƙa kawo farashin gero da masara da shinkafa daga kasuwar Katako ta Yamai da kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Maraɗi, ku ji ta bakin direbobin hanyar Lome da 'yan gudun hijirar Tillaberi, kuna sakaya sunayensu domin kare su. Idan kuma kun samu wani minista, ku tambaye shi ƙarara sharuɗɗan da ake jira Benin ta cika kafin a buɗe gadar Gaya, ku buga amsarsa yadda ya faɗe ta.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Maraɗi