Binciken maganin mura daga jikin bakteriya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, tunda hunturu ya kama, mura da tari sun cika gidaje a nan Garwa.

Akwai binciken da ya kamata jama'a su sani. Ƙwayar bairos mai kawo mura mai zazzaɓi, wato influenza, ba ta shiga jiki sai ta manne wa wani nau'in sukari da ke saman fatar hanyar numfashi. Masana a Amurka sun ɗauko wani sinadari, enzayim, daga bakteriyar Actinomyces viscosus, suka haɗa maganin shaƙa mai suna DAS181. Aikinsa ya share wannan sukarin, bairos ta zo ta rasa madafa. An gwada shi a kan mutane, amma har yanzu bai samu izinin shiga kasuwa ba. A 2021 kuma an shaƙa wa ɓeraye maganin da ke sa huhu ya ƙera Cas13, wani enzayim na bakteriya mai yanka ƙwayar gadon bairos, cutar ta yi sauƙi. Amma ɓera ba mutum ba ne.

Damuwata ita ce masu tallan magani a kasuwa, waɗanda ko yanzu amoksisilin, maganin kashe bakteriya, suke miƙa wa mai mura, alhali ba ya taɓa bairos. Ina kira ga Cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur reshen Garwa da gidajen rediyo su riƙa yi wa mutane bayani da Hausa da Fulatanci.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya, Garwa, Kamaru