A daina ɓoye larurar zazzagowar dubura

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in taɓo larurar da kunya ke hana mata faɗa, wato zazzagowar dubura cikin farji, wadda haihuwa ko yawan yunƙuri a banɗaki ke jawowa idan bangon da ke tsakaninsu ya saki. Yayata ta shekara da shekaru sai ta danna gabanta da yatsa kafin bayan gida ya fita. Da aka yi mata tiyata aka ɗinke bangon, ta huta da wannan wahala, hankalinta ya kwanta, ko da yake taurin bayan gida bai sake ta ba sai da ta dage da shan ruwa da cin ganyayyaki. Wajibi ne likitoci su riƙa sanar da mata tun kafin aikin cewa wasu kan ji zafi wajen saduwa bayansa.

Wassalam,
Wata mai karatu