Ruwan da ke cin gonakinmu a Gashuwa daga dutsen Jos yake gangarowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da ma'aikatanka, ya ƙoƙari. Don Allah a ɗan sam min fili, ƙorafi ne da ni kuma a kanku 'yan jarida zan fara sauke shi, sai ka yi haƙuri.

Duk shekara da Agusta ta raba tsakiya zuwa Satumba sai ku cika mana shafi da hotunan ambaliya, mata da tabarma a ka ruwa iya ƙugu, shinkafa ta nutse a Auyo, gida ya zube a Jama'are, hanya ta yanke a ƙasar Bade. Ba laifi, gaskiya kuke faɗa. Amma ni dai tunda nake karanta jarida ban taɓa ganin an tura wakili ya hau can sama inda ruwan yake fitowa ya zauna da masu binciken duwatsun nan ya tambaye su me suka gano ba, kullum sai ruwa ya iso ƙofar ɗaki sannan ake neman kamara.

Ni a Bukuru kusa da Jos aka haife ni, mahaifina ɗan kuza ne, yanzu kuma shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Gashuwa, kaga ke nan na sha kogin nan daga kai na kuma sha daga ƙafa. Rafin Dilimi da ya ratsa cikin garin Jos, wanda ake wanki da wankin mota a bakinsa, shi ne yake gangarawa ƙasar Bauchi ya shiga kogin Bunga, a gaba a kira shi kogin Jama'are, ya zo ya haɗu da na Haɗeja a kusa da mu nan su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Shi ma kogin Kano da aka datse a Tiga a 1974 daga gindin tsaunukan nan ya taso. Kogin Kaduna daga can, Gongola daga can. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, tsaunin Shere ya kai mita 1,829, ruwan sama a can yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara, mu nan kuwa in mun samu 500 sai mu ce damina ta yi albarka. In na faɗa wa ɗalibaina cewa ruwan da suke iyo a ciki ya taɓa wucewa ta bayan unguwar Gangare a Jos dariya suke, wai malam ya fara santin garinsu.

Wani dattijon masunci da nake sayen kifi a wajensa ya fi su ganewa. Wata shekara mun yi kwana goma sha ko ɗigo babu, gero har ya fara murɗe ganye, amma kogi sai ƙaruwa yake. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya nuna min yadda ya yi ja-ja ya ce malam wannan baƙo ne, ba namu ba ne, daga kudu ya zo kuma akwai na bayansa. Ya kafa wani kara a bakin gaɓa yana yi masa tsaga da wuƙa kullum da asuba. To wallahi abin da masana ruwa suke yi ke nan, illa su nasu ma'aunin na ƙarfe ne mai lamba kuma suna rubutawa a littafi, kuma da a ce abin da aka karanta a ma'aunin can sama yana isowa kunnen irin wannan dattijon da wuri, da mutane da yawa sun kwashe buhunansu kafin ruwa ya kwashe musu.

Abin da masu ilimin duwatsu suka daɗe da bayyanawa shi ne yawancin dutsen Filato irin mai taurin nan ne da ba ya shan ruwa, sai dai ta tsaga da kuma ƙasar da ta rube a samansa. Shi ya sa a can za ka ga an haƙa bohol an sha wuya an tashi a tutar babu, maƙwabci kuma taku hamsin ya dace da tsaga ruwa ya yi ta ambaliya. Ma'ana ciyawa da itatuwa da 'yar ƙasar saman nan su ne soson da ke riƙe ruwan sama su riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. In aka sare itacen aka yi gawayi, aka tone ƙasar, aka gina gida a kan hanyar ruwa, to ruwan kwana uku sai ya sauko a dare ɗaya ya taho da yashi ya cike mana kogi. Mutanen Jos kansu sun ɗanɗana a watan Yulin 2012 lokacin da ruwa ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, mutum sama da 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Sai maganar kuza, wadda ita ce ta fi ci min rai. Tun kafin Bature ya zo mutanenmu suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Delma, amma daga farkon shekarun 1900 da kamfanonin Turawa suka shigo da manyan injuna sai aka birkice ƙasar gaba ɗaya, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 kowa ya kama gabansa aka bar mana ramuka ɗaruruwa cike da ruwa, mu dam muke ce musu. Ruwan kore shar, a kwance kamar ba ya cutar kowa, amma gaɓarsa a miƙe take kamar bango, taku biyu daga inda kake tsaye iya gwiwa sai ka ji babu ƙasa. Muna aji huɗu a firamare wani abokinmu ya bi takalminsa na roba da ya subuce, muna kallo, sai washegari masu nutso suka fito da shi. Har yau in na ga ruwa mai launin nan gabana faɗuwa yake.

Yanzu da ruwan dam ɗin nan ake ban ruwan dankalin Turawa da kabeji da karas da ake lodawa a kasuwar Farin Gada ta Jos a kai Kano da Legas, kuma matasa sun koma haƙar loto, wato haƙar kuza da hannu, suna shiga rami da igiya. Kuma yashin da ake zubarwa bayan an tace kuza, wanda muka yi wasa a kai muka ga ana kwasa a tifa ana buga bulo ana shafen ɗaki da shi, masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna shi da na'urar nan mai ƙara ƙit-ƙit, sun nuna akwai wani ma'adini a ciki da ake kira monazait mai ɗauke da toriyom, yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani hanci ba ya ji. An rubuta, an ci digiri da shi, an zama farfesa da shi, amma je ka tambayi magini a Bisichi, wani ƙauyen haƙar kuza a Filato, ko an taɓa gaya masa da harshen da yake ji wane yashi zai guda. A nan Gashuwa ma kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabe mu, kuma duk majalisar da ka zauna kowa da ruwan da yake zargi, wannan ya ce rijiya wancan ya ce kogi, duk inda sakamakon awo bai iso ba ai jita-jita ce take zama likita.

Kar a ce na ce ba a aiki. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum, tun farkon shekarun 2000 take horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. A duwatsun wajen ne aka gano wani ɗan mitsitsin jan tsuntsu da kimiyya ba ta ba shi suna ba sai a 1998, har da wani baƙin tsuntsu malalaci da ke zuwa ya saka masa ƙwai a sheƙa ya bar shi da reno (irin wannan hali dai ba a tsuntsaye kaɗai yake ba). Wani zai ce mutane na yunwa ana ƙirga tsuntsu. To ai dajin da tsuntsun yake ciki shi ne soson da na faɗa ɗazu, ranar da ka ga tsuntsun ya ƙaura ka san itacen ya tafi, in itacen ya tafi mu na ƙasa mu shirya kwale-kwale.

In kuma ana son a ga ranar binciken dutse ƙiri-ƙiri a dubi maƙwabtanmu Kamaru. Daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos, wanda yake zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya yi gyatsar iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta gangara ƙauyuka mutane na barci, aka wayi gari mutum sama da 1,700 sun rasu da dabbobi wajen 3,500, shanun Fulani a kwance ko rauni babu a jikinsu. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanyar. Masana ne suka shiga kwale-kwale suka yi ta zura kwalba cikin zurfin ruwan har suka gane abin da ke faruwa, a 2001 aka kafa bututun da ke fitar da iskar kaɗan-kaɗan, a 2011 aka ƙara biyu. Su ne kuma suka yi kashedin cewa gaɓar da ta tare tafkin ba ta da ƙwari, in ta fashe ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya faɗo Taraba da Binuwai, wanda yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a ƙasar Takum. Mutum nawa a Takum aka zaunar aka yi wa wannan bayanin da Hausa ko Jukunanci?

Roƙona gare ka Malam Edita ba mai tsada ba ne. Yadda kuke buga farashin masara da wake na Dawanau, ku ware ɗan lungu daga Yuli zuwa Oktoba ku riƙa buga tsayin ruwa a Bunga da Wudil da Haɗeja da Gashuwa, ya ƙaru ko ya ragu, gidajen rediyo za su ɗauka. Sannan ku tura wakili Jos tun watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, ya shiga sashen ilimin duwatsu na jami'a ya ce a buɗe masa kundayen nan da ƙura ta rufe, ya sa malaman su yi masa bayani kamar suna yi wa kakarsu, in suka fara Turanci ya ce a sake. In zai je ya biyo ta nan tukuna in haɗa shi da dattijon nan mai kara, in kuma lokacin hutu ne ni da kaina zan raka shi Bukuru in nuna masa dam ɗin da ya cinye abokinmu, har yanzu yana nan ko shinge babu.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gashuwa, Jihar Yobe.