Mai zane ma sana'a yake yi, ba taimako ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ban fili a shafin wasiƙu in yi magana akan sana'armu, don na lura duk sanda aka tashi lissafin sana'o'in da matasa ke ci da kansu sai kaji an kawo ɗinki, gyaran waya, POS, kiwon kaji, amma mu masu zane ko a ƙarshen layi ba'a saka mu, alhali babu titin da zakabi a Kano ko Kaduna ko Zariya da bazaka ga aikin hannunmu ba, daga allon shago zuwa katin biki zuwa sitikar dake jikin robar zoɓo. Ni ina dizain a kwamfuta, ina kuma rubutun hannu da buroshi da alƙalami, bani da oga bani da albashi, duk wanda ya kawo aiki yau to shine ogan yau.

Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya shine yadda mutanenmu suka yarda su biya kuɗin kaya amma basu yarda su biya kuɗin aiki ba. Kwastoma zaije wajen masu buga fileks, wato ledar nan da inji ke buga talla a jikinta, a auna masa da ƙafa, a ce kaza ne, ko tayawa bazai yi sosai ba zai tura kuɗi saboda yaga inji yana ƙara yaga leda tana fitowa. Amma wanda ya zauna ya tsara abinda aka buga ɗin sai ace masa haba malam ai ɗan dannawa kawai zakayi, ko kuma ace kayi mana wannan kyauta akwai manyan ayyuka a gaba. Wallahi manyan ayyukan nan na gaba har yau basu iso ba. Mutum ɗaya ne fa zai sayi shaddarsa da kuɗinsa ya kai wa tela, kuma bai taɓa cewa tela tunda yadin nawa ne ɗinkin kyauta ba, to me yasa idan akazo kanmu lissafin yake canzawa?

Bari in ɗan nuna abinda ke cikin dannawar. Za'a turo maka hoton Alhaji ta WhatsApp, hoton ma na wani hoto ne aka ɗauka a jikin bango da hasken gilashi a goshinsa, gashi WhatsApp ya riga ya matse shi, kuma so ake a buga shi a bana, wato babban ƙyallen talla, mai tsayin mutum biyu. Kai ne zaka zauna kana bin gefen hula da gemu da babbar riga a hankali kana cire bayan hoton, kana gyara hasken, kana lallaɓa shi kar ya farfashe idan aka ƙara masa girma. Sai maganar kala, wadda ita tafi jawo rigima. Waya da haske take nuna kala, ja da kore da shuɗi take haɗawa, shi kuma inji da tawada huɗu yake bugawa, shiyasa koren da amarya ta gani yana walƙiya a wayarta idan ya fito a takarda sai ya ɗan mutu, ita kuma so take yazo daidai da kalar anko. Wanda yasan aiki tun kafin ya fara yake saita kalolin akan na inji, ya kuma gaya mata gaskiya tun da wuri. Bayan nan sai gyara ya fara, katin ɗaurin aure sai ya zaga wajen kawu da baffa da gwaggo kowa da nasa, wannan yace a ƙara girman sunan waliyyi, wancan yace an manta da sarautar wane, wani yace asa sunan masallacin a sama, ƙarfe sha biyun dare ana kiranka, ka gama ka tura sai kaji shiru, alat bai shigo ba sai kaga katin yana yawo a sitatus ɗin mutane.

Kuma aikin nan ba da iska akeyinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 tada janareto ya zama sai an yi shawara, wata guda bai cika ba aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, komai namu kuma da dala yake tafiya, laftof, batir, tawada, takarda. Adobe, masu manhajojin zane, tun 2013 suka daina sayar da sabbin manhajojinsu a biya sau ɗaya, sai dai haya duk wata, shiyasa zakaga yawancin shagunan buga takardu a nan manhajar CorelDRAW suka riƙe, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya ba kowa ne yake amfani da na halak ba. Wasu zasuce to ku nemi aikin waje mana a shafukan neman aiki irin su Fiverr ko Upwork. Ana nema, wasu ma suna samu Alhamdulillah, amma Fiverr kashi 20 cikin ɗari yake cirewa a duk aiki, kana gasa da mutanen Indiya da Pakistan da Bangladesh da wutarsu tafi tamu zama, kuma an yi shekara da shekaru a baya ɗan Najeriya yana iya tura kuɗi da PayPal amma baya iya karɓa, sai an bi ta Payoneer da makamantansu. Ba kowa zai jure wannan ba, yawancinmu kasuwar unguwa muka dogara da ita.

Lokacin siyasa kuwa kar ma a tona. Aiki kamar ruwan sama, fasta, bana, hula, riga, amma yaran ɗan takara ne ke kawowa, in ya ci zaɓe baka ƙara samun layinsa, in ya faɗi ace maka ai kaima kaga halin da ake ciki. Nasan masu zane da har yau suna bin bashin zaɓen 2023.

Mu ma da namu laifin. Yaro zai sauke manhajar zane irin PixelLab ko Canva a waya yau, gobe ya rubuta a furofayil ɗinsa cewa shi dizaina ne, ya karɓi aiki akan kuɗin data. Ni bana hassada da su, da yawa a cikinsu suna da ido sosai kuma wayar ce kawai abinda suke da ita, amma in ka karya farashi yau kai ma gobe shi zai kama ka, kuma samfurin da ka ɗauko a Canva wani a Legas ya ɗauka wani a Nairobi ya ɗauka, shiyasa yanzu tambarin mai sayar da turaren wuta da na mai sayar da kek duk kamarsu ɗaya, zagaye ruwan gwal da fulawa a gefe.

To anan ne nake so in daɗe, don shine ainihin dalilin wasiƙar. Kafin fileks yazo, akwai masu rubutun allon shago, har yanzu ma da sauransu sai dai sun tsufa kuma aikin ya ja baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki yasan ba wasa bane. Zai shafa farin fenti a katako ko langa-langa ya bari ya bushe, ya shafa wa zare alli ya ja shi ya ɗana ya saki layi ya fito a miƙe, sannan ya raba gurin kowane harafi da fensir, ba da ma'auni ɗaya ba, da ido, don yasan harafi mai zagaye da harafi mai tsaye basa son tazara iri ɗaya. Sai ya tsoma buroshi ya goge gefensa a bakin gwangwani, ya dafa ɗan yatsansa ƙarami a jikin allon ya ja layi ɗaya ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya dawo ya sa inuwa a gefe da wata kalar harafin ya taso kamar zaka iya kama shi. Su ne suka rubuta bayan manyan motoci masu bodin katako, su suka zana kawunan aski a ƙofar shagon masu aski, su suka rubuta sunayen makarantu a bango. Kuma mutane suna biyansu ba gardama, saboda suna ganinsu a saman tsani cikin rana fenti duk a rigarsu. Fileks yafi sauri yafi arha, ban musa ba, amma rana tana cinye kalarsa iskar hunturu ta yage shi, allon fenti kuwa zakaga mai shagon ya rasu ɗansa ya gada rubutun na nan.

In aka koma baya kuma, ai mu gidan rubutu muka taso. Yaron makarantar allo tun yana ƙarami yasan yadda ake fere alƙalami, yasan haɗa tawada da ƙaro, yasan wanke allo ya sake rubutawa. Je kasuwar Kurmi ka duba Alƙur'anan da alarammomi suka rubuta da hannu da ka, baƙaƙen da baƙar tawada masu kauri, wasulla da ja, hamza da rawaya, ga zayyana a wajen hizifi da sajada, ba layi ɗaya da ya karkace. Hannun Kano daban na Barno daban, wanda ya sani daga nesa yake ganewa. Irin su marigayi Sharif Bala Gabari rubutun hannunsu aka riƙa ɗauka ana bugawa ana kaiwa garuruwa. Wannan fa shine abinda ƙasashen waje suke karantarwa a jami'a suna kiransa fasahar tsara haruffa. A 2017 wata ƙungiya ta waje mai suna SIL ta fitar da zubin haruffan kwamfuta da ta gina akan rubutun Kano, ta sa masa suna Alkalami, kyauta ake sauke shi. Na ji daɗi da na gani, amma naji kunya kuma, don masu hannun suna nan cikin gari muna wuce su kullum, mu kuma muna can muna sauke zubin haruffan da aka yi don Turanci.

Kuma ko a boko matsalar tana bin mu. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939 ake fama da yadda za'a buga su da kyau, yau ga kwamfuta ga komai amma yawancin zubin haruffa masu kyau na kanun talla basu da su. Ka rubuta sai kaga akwati ya fito a gurin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani zubin daban ya tsaya a tsakiyar kalma siriri sauran masu kauri. Akwai masu ɗauke da su kamar Noto na Google da Charis da Andika, amma na karatu ne, ba kowane talla suke shiga ba. Abinda nakeyi shine in maida rubutun zane in zana lanƙwasar da hannuna ta dace da kaurin sauran, in kwastoman ɗan Maraɗi ne ko Damagaram kuma in tuna su ƴ suke rubutawa mu 'y. Wannan ma aiki ne da ba wanda yake gani balle ya biya, shiyasa da yawa suke watsar da lanƙwasar gaba ɗaya su huta.

Ni a ganina maganin yana hannunmu. Sashen zane na ABU Zariya ba yau ya fara ba, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Kano da Kaduna, me zai hana ɗalibi ya ɗauki aikin kammala karatunsa akan hannun wani tsohon mai rubutun allo ko wani alaramma, da izininsa kuma da haƙƙinsa, a zauna a ɗauki haruffan ɗaya bayan ɗaya a maida su na kwamfuta, boko da ajami, da duk lanƙwasarsu. Ba wai don a riƙa buga ayoyi a bana ba, ni kaina bana karɓar aikin da za'a sa aya a fasta don nasan ƙarshenta ƙasa ko kwata, ina nufin sunan shago, bangon littafi, kwalin kaya. Sai dai aikin watanni ne ba na dare ɗaya ba, kuma nan muka dawo gidan jiya, waye zai kashe watanni akan abinda ranar da ya fito za'a tura shi a guruf kyauta? Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, zane yana cikin abinda ta kare, amma mutumin da bai ɗauki zane a matsayin kaya ba bazai ɗauki kwafarsa a matsayin sata ba.

Don haka roƙona guda biyu ne. Ku Malam Edita, yadda kuke sa sunan wakili da sunan mai ɗaukar hoto, dan Allah a riƙa sa sunan wanda ya zana bango ko ya tsara shafi, kuma a daure a bar mana lanƙwasar haruffa a manyan kanun labarai ba sai a cikin labari kawai ba. 'Yan uwana masu zane kuma mu daidaita baki, rabin kuɗi kafin a buɗe kwamfuta, gyara sau biyu na uku da kuɗinsa, kuma kar a tura aikin ƙarshe mai tsabta sai cikon ya shigo, ko da kuwa ɗan unguwarku ne.

Nagode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
wani mai zane da rubutun hannu, daga Kano