Sabis Ya Cika, Kira Ya Ƙi Shiga: Ku Daina Ɗora Wa Waya Laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da amsar da baƙonku ya ba mai sauraron nan a shirin ranar Talata, wai in sabis ya cika amma kira ya ƙi shiga, to wayar ce ta lalace ko sim ɗin ya tsufa, a je a sauya. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma asarar kuɗi za ta jawo wa mutane.

'Yan sandunan nan da ke saman fuskar waya abu ɗaya suke nunawa: ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen sabis. Ba ruwansu da ko akwai gurbi a ƙarfen, alhali gurbin shi ne gaba ɗaya maganar. A tsarin GSM, wanda aka fara aiki da shi a Finland a 1991, kowace tasha, wato hanyar sigina tsakanin ƙarfe da waya, faɗinta kilohaz 200 ne, an kasa lokacinta gida 8, kowace waya tana aika muryarta a nata gurbin bi da bi. Yawanci eriyoyin ƙarfe ɗaya fuska uku suke kallo, kowace fuska digiri 120. Fuskar da ke da tasha biyu gurbi 16 gare ta, a cire ɗaya ko biyu na kula da zirga-zirgar kira, saura wajen 14. Duk wanda ya buga bayan sun cika, sabis ɗinsa fal, amma ba inda za a sa shi. Wani lokaci kamfani kan matse murya daga kilobit 13 a daƙiƙa zuwa 5.6 don gurbi ɗaya ya ɗauki mutum biyu, shi ne za ka ji abokin maganarka kamar daga cikin tulu. A 4G kuwa duk masu amfani da fuska ɗaya rabon ƙarfinta suke yi, shi ya sa data ke jan ƙafa da yamma.

Baƙon naku bai kuma faɗi cewa magana tafi da dawowa ce ba. Ƙarfen yana watsa sigina da wat gommai, ita kuwa waya iyakarta wat 2 a GSM, a 4G ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat ne. A cikin gini mai kaurin bango sai waya ta ji ƙarfen, shi bai ji ta ba. Bayan ƙarfen ma akwai hanyar da ke kai kira cibiyar kamfani, inda ake haɗa mai kira da wanda ake kira, ko wayar faiba ko faifan nan mai kallon wani ƙarfen. Ruwan sama mai ƙarfi kan raunana na biyun. Wanda ake kira fa? Shi ma sai cibiya ta nemo shi a yankin da wayarsa ta yi rajista na ƙarshe, kuma mai yiwuwa cunkoson a can yake. Haka kiran da ke yankewa a cikin mota: ƙarfen da kake bari ya miƙa ka ga na gaba, na gaban ba shi da gurbi.

Da ya san aikin, cewa zai yi a gwada kafin a kashe kuɗi. A sa sim ɗin a wata waya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. A sa sim na wani kamfani a wayar da ake zargi. A kashe wayar a kunna don ta sake rajista. A buga da asuba. In kira ya shiga da asuba ya ƙi da magariba, me ya haɗa waya da laifi?



Ina roƙon ku gyara wannan magana a shiri na gaba, ku kuma gayyato injiniyan da ke aiki a kan ƙarafan sabis.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum