Tukunyar suya da iska ma tana son ɗan mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi gyara kan tukunyar lantarki mai suya da iska mai zafi, wadda wasu gidajen Maraɗi suka fara saye da zaton ba ta buƙatar mai ko kaɗan. Fankar da ke cikinta tana kaɗa iskar da zafinta kan kai digiri 200, saboda haka karas, kabeji ko tattasan da aka zuba haka nan sai su yanƙwane, bakinsu ya ƙone, yaji ma ya ƙi kama su.

Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa, wanda ba mu rasa shi a ƙasar nan, ya wadatar. A tsane ganyen bayan wanki, a cakuɗa shi da man a cikin kwano kafin a zuba a kwandon tukunyar, domin man da ya yi yawa gangarawa yake yi ƙasa ya tayar da hayaƙi. Ban da haka, sinadarin da ke cikin karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A ya fi shiga jiki idan da maiƙo.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Maraɗi