Amsa ga Baffan da ya ce mu tattara mu dawo gida

Assalamu alaikum Baffa, ina gaisuwa, ya iyali ya kasuwa.

Ranar nan a wajen walimar da aka yi a Kano, da aka miƙo min lasifika in yi gaisuwa a madadin mutanen Kumasi ta ƙasar Gana, ka miƙe a gaban jama'a ka ce min "ɗana, ku da kuke 'yan tsiraru a cikin Kiristoci ya kuke yi da addininku, kuma me ya hana ku tattara ku dawo gida?" Aka yi dariya nima na yi, sai ga kiran magariba, taro ya watse. Toh tun a mota abin ke ci na, tunda kuma a fili ka yi tambayar bari in amsa a fili.

Bari in fara da kalmar gida ɗin nan don ita ta fi tsaya min a rai. Kakana fataucin goro ya kawo shi Gwanja, daga Salaga ya gangaro Kumasi, a nan ya yi aure a nan aka binne shi, babana a unguwar Zango aka haife shi, ni kuma a unguwar Aboabo, duk a Kumasi. In na dawo Kano ƙofar wa zan ƙwanƙwasa Baffa? An taɓa mayar da mu gidan nan da kake faɗa ai, a 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu da ba su taɓa ganin Najeriya ba aka loda su a manyan motoci, har yau tsofaffinmu in ana hirar sai ka ga an yi shiru. Ku ma kuma a 1983 zamanin Shagari kun rama da korar 'yan Gana, jakar nan mai layi-layi da ake zuba kayan lefe da na tafiya har yau sunan wannan korar take ɗauke da shi, saboda haka mu bar tone-tone.

Tsirarun ma ba irin yadda kake zato ba. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari, Kiristoci 71.3, a ƙasa mai mutum miliyan 30.8, ka ga mun ɗan haura miliyan shida kenan. Kuma ba duka Hausawa ba ne, akwai Dagomba da Gwanjawa da Wala da Mamprusi, akwai Tonawa wato Ashanti da Fanti Musulmi, in ka je Tamale sai ka rantse wani garin arewa kake. Hausa dai ita ce yaren zango, da ita ake wa'azi da ciniki da faɗa.

Sallah kam wallahi ba wanda ya taɓa hana ni. Ana kiran asuba da lasifika, maƙwabcina ma coci yake kwana da kiɗa da ganga, shi yana haƙuri da ni ina haƙuri da shi, ranar layya ɗansa ne ke fara zuwa da kwano. Sallah ƙarama da babba duk hutun gwamnati ne tun zamanin Rawlings. Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Bawumia ya yi daga 2017 zuwa 2025, duka biyun Musulmi ne, shi Bawumia ya tsaya takara a 2024 ya faɗi, kuma kar wani ya ce maka don addini ne kawai, a zanguna da yawa ma John Mahama aka zaɓa alhali Kirista ne, tsadar shinkafa da faɗuwar kuɗinmu sidi ne suka yi magana. Babban limaminmu na ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a 2019 da yake cika shekara ɗari ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Ankara babban birnin Gana lokacin Ista ya zauna aka gaisa, wasu malamai suka yi ta surutu, ni dai abin da na sani tsohon nan ya kashe wutar da sojoji ba za su iya kashewa ba. Ko rikicin Old Tafo da ke nan yankin Kumasi na 2016 da samarinmu suka gwabza da mutanen sarkin garin har aka sa dokar hana fita, a kan filin maƙabarta ne, ba a kan aƙida ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, jinin da aka zubar tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna a shekarun baya ya fi ba ni kunya.

Inda abin ke cizo ba masallaci ba ne, makaranta ce da ofis. Manyan sakandaren kwana da kowa ke rububi yawancinsu mishan ne suka kafa su, gwamnati ke biyan malamai amma coci ke da ta cewa a kan doka. Yarinya ta ci jarrabawa da kyau an tura ta can, toh shikenan, taron safe da waƙoƙin coci dole, hijabi a akwati, sallah a ɓoye. Ka tuna a 2021 maganar makarantar Wesley Girls ta Cape Coast da aka hana wata ɗaliba azumin Ramadan, hukumar ilimi ta ce a bar su su yi, cocin Methodist ta fito ta ce ba ta yarda ba, alhali tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addininsa. Ƙanwata ma da take koyon aikin jinya, wata babba a asibitin da aka tura ta ta ce ko ta cire mayafi ko ta koma gida, ta dawo tana kuka, mahaifiyarmu ta ce je ki ɗaura ƙarami a ƙarƙashin hular ki gama karatunki, in kin zama babba kya gyara. Ni kaina da na je yin katin ɗan ƙasa, ma'aikacin yana ganin sunana ya ce ina ne garinku, na ce Kumasi, ya ce a'a garinku na asali, na amsa masa da Tonanci wanda ya fi nasa gogewa, duk da haka sai da na kawo takardun babana. Ga kuma maganar gado, in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba akwai dokar 1985 da ke da nata rabon daban da na shari'a, in dangi sun haɗa kai a kira malam a raba shiru, in ɗaya ya garzaya kotu sai dai addu'a.

Amma fa Baffa wani laifin namu ne. Iyayenmu sun ƙi kai yara boko don tsoron kar a mayar da su Kiristoci, kuma ba zan ce tsoron banza ba ne, an ga waɗanda suka tafi da Musa suka dawo da Moses, sai dai abin da ya biyo baya shi ne da aka zo rabon kujeru ba mu da takarda, muka ƙare a direba da mahauta da gadi da ƙwallo. Sai a 1987 aka buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, makarantun allo suka fara haɗa karatu biyu. Yanzu alhamdulillahi 'yan zango lauyoyi ne da likitoci, su ne ma ke ja da waɗannan dokokin.

Ka ce ya muke yi da addini. Ɗana yana aji da yara arba'in, su uku ne ke azumi, ana cin abinci a gabansu, ba Hisba ba kunyar unguwa, ba wanda zai gan shi in ya sha ruwa, amma yana kai wa magariba. Ni wannan azumin ban isa in raina shi ba. Nima kuma ina da tambaya, yaron Sabon Gari da aka haifi kakansa a Kano, ɗan gari kuke ce masa ko har yanzu baƙo ne?

In Allah ya kai mu babbar sallah ka zo Kumasi, masaukinka na wuyana, da safe koko da ƙosai, da rana wace wato shinkafa da wakenmu da Tonawa suka karɓe har da sunan. Ka taho min da kilishi da hula zanna bukar lamba ashirin da uku, goron komawa kuma ni zan ɗaure maka.

Ɗanka na Aboabo.